Kwalbar Jinin da Uwata Take Bi Na

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran 'yata ta fari, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, a haɗarin mota kan hanyarta ta zuwa aiki. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiranta Uwata.

Uwata, ke ya kamata ki yi mini wannan rubutu, don ni na fara kama hanyar lahira, da ƙafata kuma. Bara na ji a rediyo cewa gishiri ne ke kashe masu hawan jini. Ni kuwa da ajina huɗu na firamare, nan take na zama likita. Na hana mahaifiyarki sa gishiri a tukunya, na dinga ɗirkar ruwa ba ji ba gani, na ninka ƙwayar hawan jinina mai sa fitsari. Ba a jima ba sai ga ni a shago na ɗinka hannun riga a wuya, ina kiran maƙwabcina da sunan kakata. Daga nan na kife kan keken ɗinki.

Wasu suka ce shanyewar jiki ce, wasu suka ce iska. Aka kai ni asibiti, sai ga ki da allurarki. Kika tsallake hannun da ake ƙara mini ruwa, kika ɗebi jini a ɗayan, don na wancan ya gauraye, ƙarya zai yi wa na'ura. Da ƙafarki kika kai wa likita sakamakon: gishirin jinina, wanda kuke ce wa sodiyam, ya yi ƙasa sosai. A hankali aka mayar da shi, don kin ce gaggawa a nan ma kisa take yi.

Da na farfaɗo kika ce, "Baba, ka mai da jininka miyar marowaci, ruwa zalla."

Na ce, "To a ba ni gishiri cokali biyu in tashi."

Kika ce, "Likitancinka ya isa haka. Koma ɗinki."

A zaman makoki na san ba ni kaɗai ba ne. Wata mata ta zo da yarinya a goye, ta ce gudawa ta kusa tafiya da yarinyar, ke kika ajiye abincinki kika tsaya kan gwajin har ya fito. Ina hawaye ina faɗa wa na kusa da ni, "'Yar tela ce fa. Tawa ce."

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba mahaifiyarki da mijinki haƙuri, Ya raya yaranki biyu, Ya saka wa abokan aikinki da suka cika mana gida.

Saura magana ɗaya. Kin ce muddin ina shan ƙwayar nan, sai a riƙa duba jinina lokaci-lokaci. Ni da na tsufa da allura a hannu, taku nake tsoro. Ranar Litinin kika biyo shago da ƙaramar kwalba a jaka, na ɓuya bayan yaduka, na sa aka ce na fita. Kina ganin ƙafafuna kika yi dariya, kika ce, "A gaya masa ina bin sa kwalba ɗaya."

Gobe zan je, Uwata. Zan naɗe hannun riga da kaina, in zauna gaban abokiyar aikinki. Kuma ba zan rufe ido ba.