Malam Ya Taka Laka

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Sa'alaba, nan ƙasar Larabawa, wani saurayi ɗan Najeriya ya fito neman auren jikata. Yana aiki a wani sito a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni. Mai ladabi ne, ba ya haɗa ido da babba. Magana ta yi nisa, kawunsa ya kawo gaisuwa, saura sa rana.

Wata Juma'a saurayin ya zo ya ci abinci da ɗana, uban yarinyar. Da suka fita sallar la'asar na shiga kwashe kofunan shayi, sai na ga takarda a ninke ƙarƙashin matashin da ya jingina. Na buɗe. Gida-gida aka zana, wasu an shafe su da baƙi, wasu da harafi ɗai-ɗai, ga ƙananan lambobi a kusurwa. Ni ban yi karatu ba, amma a Sudan na girma, na sha ganin hatimi a hannun malamai. Na ce a raina, wannan asiri ne.

Na kira surukata, matar ɗana, ita ce ta yi boko a Kano. Ta bi da yatsa ta ce, "Inna, nan an rubuta mallaka." Ta gangaro ƙasa. "Nan kuma aure. Sun gitta juna." Ta so ta juya bayan takardar, na fizge. Na ce mata ba a ƙarasa karatun asiri.

Da ɗana ya dawo na shimfiɗa masa komai. Mutum ne mai zafi. Ya ce halas, magana ta ƙare, babu aure, kuma gobe zai je wurin kafilin saurayin, ubangidan da ya tsaya masa ya shigo ƙasar. Kun san ƙasar nan, kalmar sihiri in ta fita daga baki, ba iƙama, takardar zaman ƙasa, kaɗai take ci ba, har rai tana iya ci. Na san haka sarai, kuma ban hana shi ba. Jikata tana bakin ƙofa tana kuka. "Habboba, kakata, haram alaiki, wallahi ba haka yake ba."

Na ce, "Kun ji ko? Har ya fara aiki."

Surukata ce ta roƙi a kira shi tukuna. Washegari ya zo da kawunsa, dattijo mai furfura. Na ɗauko takardar da bakin mayafina don kada in taɓa ta, na ajiye a tsakiyar darduma.

Saurayin ya ce, "Ashe nan na yar da ita. Hajiya, ai wasa ne."

Ɗana ya ce, "Da 'yata kake wasa?"

Ya rantse ya ce wasa ne da ake bugawa a jaridun Turanci, shi ya mayar da shi Hausa, abokan aikinsa suna cikewa lokacin hutu. Kowace kalma tana da tambayarta a bayan takardar, kuma tambayar tana faɗin amsa sau biyu, sau ɗaya a fili, sau ɗaya a ɓoye.

Ɗana ya ce, "Yalla, karanta mu ji."

Saurayin ya juya takardar ya karanta. "Malam a taƙaice ya taka laka, abu ya zama naka."

Na ce, "To, ga malam ma a ciki!"

"Hajiya, in an taƙaita malam a rubutu, mal ake sawa. Ki ce mal."

Na ƙi. Kawunsa ne ya ce, "Mal."

"A ɗora masa laka."

Dattijon ya furta a hankali, "Mal... laka." Surukata ta toshe baki da hannu.

"Auren fa?" in ji ɗana. Muryarsa ta fara sauka.

"Ɗaure ba kai, sai rabon goro. Baba, in ka sare wa ɗaure kansa, me ya rage?"

Leɓen ɗana ya motsa, yana gwada kalmar. Ni na riga shi ji: aure. Kacici-kacici ne. Ni da na raini 'ya'ya da jikoki da kacici-kacici, na kasa gane shi don ya zo mini a takarda. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya ce, "Hajiya, da kin tambaya." Shayinsa yana nan a ajiye, bai kurɓa ba.

Rashin karatu bai taɓa damuna ba, haka Allah ya tsara mini. Abin da yake yi mini nauyi har yau shi ne, akwai mai karatun a gefena, na fizge takardar daga hannunta, kuma na yarda a salwantar da ɗan wasu a kan abin da ban bari an karanta mini ba.

Ɗana ya bi su har masauki ya ba da haƙuri, aka ɗaura aure bayan sallar layya. Kawun ya zo ɗaurin auren, amma har ya koma Najeriya bai sake cin abinci a gidana ba. Can ya rasu, ban samu na roƙi gafararsa ba, Allah ya jiƙansa. Surukata tana nan tare da ni, ba ta taɓa ba wa kowa labarin ba. Jikata tana unguwar Aziziyya da 'ya'yanta.

Shi kuwa mijin nata bai tayar da zancen ba sai ranar sunan ɗansu na fari. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya rage murya ya ce, "Amaryata, ga naki, babu takarda. Manomi yana yin ta a gona, ana jin ta a gaban suruki."

Na ja mayafi na rufe fuskata.

Ya ce, "Kin ci, Hajiya. Kunya ce."