Furar da ta hana ladan kiran asuba a Geceme

Ana sallame asuba muka bar gida, ɗana da jakarsa, ni da dawon fura a bokiti. Geceme muka nufa, wajen yayana. Yaron zai zauna can har kaka ta wuce, yana saya wa maigidansa hatsi da wake. Ni kuwa na ce rakiya zan yi in ga dangi. Gaskiya ce, amma da saura.

Da izinin ɗana nake wannan rubutu. Yana da farfaɗiya tun yana lakwal, wato makarantar boko. Shekara biyu da suka wuce ya ce ya daina shan ƙwayar maganin: tana sa shi gyangyaɗi a shago, abokai na yi masa kallon majinyaci, shi kuma ya dogara ga Allah. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da manya. Ƙato ne mai gemu, ba a danne shi a ɗura masa. Sai na koma daka ƙwayar ina zuba masa a furar bayan magariba, in cika citta da kanumfari su ɓoye ɗacin. Tun daga nan bai sake faɗuwa ba, yana ta gaya wa mutane ya warke. To ga shi zai bar gabana. Shirina shi ne in damƙa wa matar yayana aikin a ɓoye.

A tashar Dogon Dutsi mun tarar kuɗin mota ya ƙaru, wai esansi, man mota, ya yi tsada. Motar kuwa irin wadda sai an tura take tuna aikinta. Aka cusa mu baya, ni da wata mai buhun albasa da ta ɗauki cinyata kujera. Kan gudro, wato kwalta, lafiya lau muka tafi. Da muka karya ta Tibiri sai hanya ta fara tambayar kowa lafiyar ƙugunsa. Amma ido ya sha kallo: hatsi an karya shi kwance a gonaki, dammuna jingine da juna, giginya tsaye a fadama, rake kore shar. A Tibiri na sayi rake da dafaffen rogo da ƙuli, araha har na ji haushin abin da muke biya a gari. Ɗana yana gaba kusa da direba, suna gardamar farashin wake, yana dariya. Na daɗe ina kallon ƙeyarsa, raina fari.

Mun isa Geceme rana ta take. Yayana shi ne ladanin masallacin ƙofar gidansa, tsoho siriri mai murya kamar ta saurayi. Aka yanka mana zabo, aka yi tuwon sabon hatsi da miyar kuɓewa ɗanya, na ci har na kwance zani na sake ɗaurawa.

Da na keɓe da matar yayana na faɗa mata shirina, sai ta riƙe baki.

"Ke, nan gidan ƙwarya guda maza ka shan hura, ludayi na zagayawa. In na zuba, duk zauren na ba magani."

Na ce to a ware masa tasa. Don in nuna mata yadda ake yi, bayan magariba na dama a kofi, na zuba abin, na miƙa masa da hannuna a bakin zaure. Abin da na manta shi ne tarbiyyar da ni na ba shi. Yaron nan bai kai kofin baki ba, ya durƙusa ya miƙa wa babba.

"Kawu, taɓa hurar Inna ka ji. Babu irinta Dogon Dutsi."

Ina tsaye ina gani yayana ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin kofi. Ya ce akwai yaji, amma Allah ya yi albarka. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don tsoho ne, ban san abin da ƙwayar za ta yi masa ba.

Washegari unguwa ta makara. Mutumin da ba a taɓa riga shi tashi ba, sai da rana ta fito aka tashe shi da ƙyar. Ya fito yana layi, yana cewa ko wata iska ce ta bi ta kansa. Wata maƙwabciya har ta fara lissafa masu magani na garin Lugu. Nan na ga abin ya isa. Na kira yayana da ɗana ɗaki, na fito da ƙwayoyin daga bakin zanina na ajiye a tabarma, na faɗi komai.

Yayana ya yi dariya har da hawaye. Ɗana bai yi ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, bai dawo ba sai la'asar. Yinin nan ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Da ya dawo ya zauna nesa da ni, yana kallon ƙasa.

"Inna, shekara biyu ina hwaɗa ma mutane na warke."

Na ce na sani.

"Da kin mutu fa? Sai in hwaɗi cikin wuta ban san dalili ba."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Ya jawo ƙwayoyin ya juya su a tafin hannu, ya tambaye ni guda nawa, wane lokaci. Da safe muka je likita tare, wato asibiti, ya shiga wajen lokotoro mai duba marasa lafiya shi kaɗai, ni ina benci. Ya yi masa maganar gyangyaɗin da bakinsa, aka gyara masa lokacin sha. Ni ma da aka kira ni na sha faɗa, na kuma karɓa.

Na ƙara kwana biyu na zaga dangi, na ci kasuwa, na sayo man gyaɗa da tabarmar kaba. Ranar komawa ɗana ne ya ɗauko mini kaya har tasha, ya yi ciniki da direba aka ba ni gaba. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Ya dai ce in na iso in kira.

Na shigo Dogon Dutsi da yamma, jiki duk ciwo, zuciya sakayau. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na iya tsare yaro daga faɗuwa, amma ban iya barinsa ya tsare kansa ba, kuma wannan ɗin shi ya fi bukata. Bayan magariba hannuna ya kai kan ɗan turmin da nake daka ƙwaya, sai na tuna babu abin dakawa. Ina nan zaune waya ta yi ƙara.

"Inna, na sha. Da ruwa." Na ji dariya na cinsa. "Kawu na gaishe ki. Ya ce in kin sake zuwa, don Allah kar ki dama mishi komi."