Takardar da Na Ɓoye Cikin Tulu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Laraba, sha takwas ga watan Cika-ciki, shekara ta biyar da tahiyar Nasara, sanƙarau ya ɗauke min ɗan fari a gidan likita na Dogon Dutsi. Ni Altine ta Kiyeshe, mai tallar nono, ni ka magana. Mushe Jibo, malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ka rubutawa. Na ce mishi kada shi gyara ko kalma guda.

Ɗana, kana da satifika ta gama ƙaramar lakwal ubanka ya hidda ka lakwal ya ba ka sanda. Shekara ashirin kana bin shanu, sannan ka koma riƙe ma masu allurar dabbobi ƙaho. Da hurhura a gemunka ka ce sai ka ci jarrabawar birebe, ta gaba da satifika. In rana ta take, mutane na ƙailula, kai kana gindin gawo da littahin da Mushe ya ara maka. Kai ka karanta ma Hasiya makwabciyata wasiƙar ɗanta soja, kai ka mayar da amsa, ko goro ba ka amsa ba. Sau biyu ka tahi Dosso, sau biyu ka faɗi. Ka dawo ka ce: "Inna, rijiya ba ta ƙin wanda ya daɗa igiya."

To ku, masu zaman makoki, da ku nike. Kai Buba, ƙanen uba gare shi, bisa tabarmata ka zauna, ka sha hurata, ka ce Allah ya hutar da shi kunyar faɗuwa ta uku, tunda bara ma gudu ya yi. Ku sauran kunka yi dariya. Ƙasar kabari ko bushewa ba ta yi ba! Mi kunka taɓa ɗauka ya hi ƙarhinku kunka sake ɗauka? Wanenku?

Bai gudu ba. Ni ce.

Bara, shina garin Ɗan Kassari wurin allura, gardi, dogarin gwamnati, ya kawo takarda mai jan hatimi. Lokacin nan jandarma na kwasar mutane, wanda anka kira da takarda ba a sake ganinai. Ban tambayi kowa ba, tsoro bai bar ni ba. Na naɗe ta cikin tsumma na jefa tsohon tulu. Ashe kiran jarrabawa ne. Sai da ranar ta wuce da kwana tara na nuna mishi. Ya karanta, ya miƙo min ita. Ya ce: "Inna, mayar da ita. Kada kowa shi ji. Baɗi ma shekara ce."

Shekara guda ana ce mishi ɗan lakwal mai gemu, matsoraci, har yara na yi mishi waƙa bakin rijiya. Ya haɗiye don kada a zagi uwarshi. Ya sake rubuta sunanshi don jarrabawar bana. Saura wata guda, Allah ya yi ikonshi.

An ce min mai ɓoye takardar gwamnati ɗauri ne. Ban taɓa shiga biron gwamnati ba, hular gardi ma in na hango sai in sake hanya. Amma ga takardar nan hannun Mushe. A karanta ta ran kasuwa, da ƙarhi. In kamu ne, ina gida.

Allah shi jiƙanka, shi yi maka rahama, shi sa jarrabawar kabari ta zo maka da sauƙi. Allah ba Zalihatu matarka da ɗiyanka haƙuri. Littattahan na nan, ba mai ƙunshe ƙosai da su.

Shekara talatin da takwas bakina bai kama sunanka ba, don kunyar ɗan fari. Yau na aje ta. Mushe, rubuta da manya, yadda Buba zai gani ko bai iya karatu ba: Gidaɗo bai gudu ba.