Kawu Mai Allon Bakin Hanya

Kawuna mai fenti ne, ko in ce ya taɓa zama mai fenti, don ƙofofin da ke buƙatar fenti a ƙauyenmu sun ƙare tun yana da sauran baƙin gashi. Aiki ɗaya ya rage masa, kuma ba wanda ya ɗora masa shi: allon ƙarfen da ke bakin hanya, wanda masu aikin titi suka kafa shekarar da aka zuba kwalta. Sun rubuta sunan gari a sama, suka rubuta yawan mutane a ƙasa, suka kama gabansu. Washegari aka haihu a gidan maƙeri. Kawu ya saɓa tsani, ya ɗauki gwangwanin fenti da buroshi, ya je ya ƙara mutum ɗaya. Tun daga ranar allon ya zama nasa.

In ka kuskura ka tsaya kusa da allon nan, sai ka sha tarihi ko ba ka tambaya ba. A faɗar Kawu, wanda ya kafa garin wani matafiyi ne da takalminsa ya tsinke a gindin wata bishiya, ya zauna gyara, bai sake tashi ba. Ina yaro, shekara ɗari biyu ke nan da tsinkewar takalmin. Da mutanen ƙauyen tsallaken rafi suka fara cika baki cewa garinsu ya girmi namu, sai na ji an mayar da ita ɗari huɗu. Na tambaye shi yadda aka yi haka, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai kana wurin ne?"

Haihuwa da mutuwa ba su taɓa ba shi wahala ba. Masu tafiya birni ne suka so su ɓata masa aiki. Samari suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, daga baya su aiko a kai musu matansu. Da Kawu ya ga abin zai cinye masa allo, sai ya kafa doka: duk wanda ya tafi ya bar kwaɗo a ƙofar ɗakinsa, wanda ya datse da hannunsa, to ɗan gari ne, yawo kawai ya fita. Wanda ya bar ƙofa a buɗe kuwa ya fita daga lissafi. Mai gari ya sa albarka nan take, domin shi ma ya fi son a ce yana mulkin mutum ɗari shida da a ce yana mulkin tsofaffi da awaki.

Ba a jima ba kwaɗo ya fi sabulu ciniki a shagon garin. Kawu kuma ya samu sabon aiki, zagaye da 'yar kwalbar mai yana ɗiga wa kowane kwaɗo don kada ya yi tsatsa. Akwai ɗakin da rufinsa ya rufta, bangon baya ya zube, akuya na kwana a ciki da 'ya'yanta, amma ta gaba kwaɗo na sheƙi, saboda haka mai ɗakin yana nan daram a allo. Wata shekara ma'aikatan lafiya suka zo rabon gidan sauro, suka yi lodi daidai da abin da allo ya faɗa. Suka jera teburi suka jira har rana ta yi tsaka. Shugabar tasu ta ce, "Baba, wai ina mutanen garin?" Kawu ya ce, "Sun ɗan fita."

Kuma a wurin Kawu ba sani ba sabo. Ranar da gara ta cinye ƙofar ɗan wata tsohuwa maƙwabciyarsa, ƙofar ta faɗi da kwaɗonta, tsohuwar ta bi shi har bakin hanya tana roƙo. Ya ce mata, "Iya, ki yi haƙuri, ƙofa ta buɗu." Ya hau tsani ya rage ɗaya. Ranar kam na ji haushinsa sosai.

Ɗansa ɗaya ne tak, wanda muke ce wa Direba, don babbar mota yake ja a birni. Ɗakinsa na jikin na Kawu, ƙofarsa shuɗiya ce, kuma ita kaɗai ce ƙofar da ke shan sabon fenti duk shekara a garin. Daga kwaɗonta ake fara ɗiga mai. Direba kan bugo waya jefi-jefi, zuwa kuwa sai dai alkawari. Amma in aka tambayi Kawu ina ɗansa, sai ya nuna ƙofar da haɓa ya ce yana nan.

Bara ina gida sai ga Direba da motar ɗaukar kaya. Babbar 'yarsa ta girma, gado yake so ya kai mata, da akwatunan da ke ɗakin. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, akwai guduma a gidan nan?"

"Makullin fa?"

"Ai ya ɓata tun tuni."

Bugu biyu ya yi wa kwaɗon ya tashi. Aka kwashe gado da akwatuna da tabarma, har ƙusar da ake rataye riga sai da ya zare. Kawu na tsaye yana kallo. Da aka gama ɗaure kaya sai ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon kwaɗo, ashe ya lallaɓa shago ya sayo. Ya miƙa masa ya ce, "Ungo, datse kafin ka tafi."

Direba ya yi dariya. "Haba Baba, me zan kulle? Iska? Ka riƙa zuba hatsi a ciki mana, ko ka bar wa kaji." Ya durƙusa ya yi sallama, ya shiga mota, don yana so ya isa kafin duhu.

Na matsa kusa da Kawu na ce a hankali, "Kawu, ka datse da kanka mana. Wa ya gani?"

Ya ce, "Ni na gani."

Da safe na bi shi bakin hanya. Ya hau tsani ya kankare lambar, ya daɗe yana gyara bakin buroshi, sannan ya rubuta sabuwa. Na duba na ga mutum shida ya rage.

Na ce, "Kawu, ka yi kuskure. Mutum ɗaya ne ya tafi."

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Da matarsa, da jikokina huɗu. Duk wanda aka haifa a can, nan nake zuwa in ƙara shi. Ɗakin ubansu ai a kulle yake."

A cikin yaran nan babu wanda ya taɓa taka ƙauyenmu, biyu daga ciki ma Kawu bai taɓa ganin fuskarsu ba. Tausayinsa ya kama ni. Ya sauko a hankali, ya rufe gwangwanin fentinsa, ya ce in ɗauko masa tsanin, yau gwiwarsa na ciwo.