Mai Kwalbar da Ba Ta Son Rana

A tashar Dogon Dutsi, Dorkas tana jiran motar Dumega, tana lura da baƙon da ke gefenta: biro huɗu a aljihun kwat, ya ambaci "laboratuwar", wato ɗakin gwaje-gwaje da Faransanci, sau tara tun zamansa. Ya cire hula ya rufe wata 'yar kwalba, sanƙonsa na soyuwa. Garin ƙarfe ne a ciki, in ji shi, mai kunna saƙo da kashewa cikin wayar gilashi. Rana na taɓa shi, aikin shekara shida ya lalace. Da gani, mutanen gidansu sun gaji da bayanin nan.

Wata tsohuwa 'yar Lugu, garin 'yan bori, ta matso.

"Rufe da kyau, ɗana. Doguwata ma ba ta son rana. Wa ya yi maka girka?"

Ya ƙara gyara hular a kan kwalbar.