Barandar Gwaggo Tan

Tan Guixiang ta ƙarar da ƙuruciyarta a wata masaƙa a birnin Chongqing na ƙasar Sin, tsaye gaban inji har ƙafafunta suka saba da kumburi. Da masaƙar ta rufe, abin da ta tsira da shi ɗakuna biyu ne a wani tsohon dogon bene da ke jikin dutse, sai mijinta Lao Peng, wanda duk unguwa ta san mijin-ta-ce ne. Doguwar barandar da ta bi ta ƙofofin maƙwabta tana fuskantar kogin Yangtze. Nan take shanya barkono, nan kuma tulunta na kabeji mai tsami yake zaune, wanda ruwan tsaminsa gadon mahaifiyarta ne.

Wata rana wata ɗaliba ta hau benen, ta ɗauki hoton motar igiya, wadda ke ɗaukar fasinja a rataye jikin waya, tana ratsa sama za ta tsallake kogi, ta watsa a intanet, ta ce wurin kallo ne da ba a biyan ko sisi. Shi ke nan, zaman lafiya ya ƙare.

Gwaggo Tan ta buɗe ƙofa da safe za ta kasuwa, sai ta ci karo da mutane maƙil, kowa da waya a sama.

"Gwaggo, ɗan matsa mana, kin shigo cikin hotona," in ji wata budurwa.

"Ni na shigo hotonki? Ke dai kika shigo gidana!"

Wannan ya ƙwanƙwasa yana neman banɗaki, wancan ya ture farantin barkono don ya sami wurin tsayawa. Har wani ya roƙe ta ta mayar da singiletin Lao Peng kan igiya, wai ta fi ba hoton kamar zamanin da.

Ta kai ƙara ofishin unguwa. Matar da ke wurin ta zuba mata shayi, ta ce baranda hanyar kowa ce, gari kuma yana son baƙi. Gwaggo Tan ta dawo tana huci, ta tarar da Lao Peng a tsakiyar taro yana nuna musu inda hoto ya fi fita.

"Tsoho! Albashi suke ba ka?"

"Yara ne, daga nesa suka zo," ya faɗa ƙasa-ƙasa, ya sulale ciki.

A hutun watan Oktoba wani saurayi ya taka murfin tulun don ya ƙara tsawo. Tulun ya kife ya fashe, ruwan ya bi matakala. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce zai sayo sabo.

"A wace kasuwa ake sayar da hannun uwata?" ta tambaye shi. Ta shige ta bugo ƙofa.

Washegari ta ce wa Lao Peng tunda yawon kyauta ake yi, su ma su je su sha iska. Suka hau bas zuwa wani lambu a kan tudu. Can ma layi ne tun daga ƙofa, ko bencin zama ba su samu ba. Suka ci dafaffen ƙwansu a tsaye, suka juyo, sai da suka yi ta "gafara dai" kafin su kai ƙofar ɗakinsu.

'Yarsu Peng Lirong ta ce su komo wurinta a sabuwar unguwa.

"In tashi in bar musu? Allah ya kiyaye," in ji Gwaggo Tan.

Tana nan har yau. Barkonon ta mayar da shi cikin ɗaki, ƙarƙashin taga, inda rana ba ta isa sosai. Na bana rabinsa ya yi fumfuna.