Rabin Karatun da Na Ɗauka a Wurin Goggo Asabe

Ina kan keken ɗinki da hantsin Talata maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Maman Habu, sai haƙuri, Goggo Asabe ta cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙafata ta tsaya a kan keken.

Goggo ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, amma mu matan unguwar Briqueterie ba mu taɓa barinta ta huta ba. Da yaro ya ce ƙirjinsa na ciwo, uwa za ta kwaso shi a guje, ba abin da take tunani sai zuciya. Goggo ba ta gaggawa. Sai ta zaunar da shi a tabarma ta ce, "Nuna mini wurin da yatsa ɗaya." Ta danna haƙarƙari, ta tambayi tari da zazzaɓi, abin da ya ci da abin da ya ɗauka. Sau da yawa jarkar ruwa ce, ko yajin tsire, ko tsoron jarrabawa. Takan ce, "Ba zuciya kaɗai ke zaune a ƙirji ba."

Na ji maganar nan har na haddace, na fara ɗaukar kaina likita. Da ɗana Habu, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya ce ƙirjinsa na matse shi in yana ƙwallo, man zafi na shafa masa na ce tsoka ce. Ran da ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo a unguwar Tsinga, na ce rana ce ta buge shi. Da fara'ata na ba Goggo labari a gidan suna, ina jiran yabo.

Ta ture kwanon abincinta. "Yana cikin gudu ya suma? Ba zuciya ce ta ɗauke ƙanin babansa yana saurayi ba? Hadiza, rabin karatu kika ɗauka. Tashi, lopital za mu yanzu."

Ita ta tare taksi zuwa asibitin. Aka yi masa hoton zuciya, aka ga matsala, aka ɗora shi a kan magani, aka hana shi ƙwallo. Na yi kukan tsoro da na kunya. Ba ta ƙara mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ki kai wa sauran mata ɗaya rabin." Har yau duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ji shi: ciwon da ke tasowa a kan gudu, ko ya zo da suma ko ɗaukewar numfashi, ba a shafa masa mai.

Habu yanzu magidanci ne, 'yarsa ta fari sunan Goggo ta ci. Da aka fito da gawa na leƙa ta ƙofa, na hango shi a gaba, makara a kafaɗarsa, yana takawa da ƙafarsa.

Allah Ya jiƙanki Goggo, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata makwancinki. Ya sanyaya ƙirjin 'ya'yanki da jikokinki, kamar yadda kika sanyaya namu.